Gidan likita: magana ma cikin aiki take

Jama'a, a wannan wata za mu tsaya bisa wani kayan aiki da ba ya zuwa cikin kwali daga Yamai, ba a kuma rubuta shi cikin littafin kaya. Shi ne yadda ma'aikaci ke magana da mutanen da aka turo shi ya yi ma aiki, da yadda yake magana da abokan aikinsa. Zancen ya shafi malamin gona da malamin dabbobi da malamin lakkol da mai riƙe da rajista a ofishin magajin gari. Amma mun zaɓi gidan likita, don nan ne kuskuren magana ya fi tsada. In malamin gona bai yi bayani da kyau ba, buhun taki ne zai ɓaci. In likita bai yi ba, ana iya rasa yaro.

Abin da masu bincike suka gani

A shekarar 2003 an buga wani littafi da faransanci, aikin Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan tare da wasu masu bincike na ƙasashenmu. Sun zauna cikin gidajen likita na manyan birane 5, wato Yamai, Bamako, Dakar, Konakiri da Abijan, suna kallo suna saurare. Abin da suka gani ya yi kama ko'ina. Majinyacin da bai san kowa ba, sau da yawa ba a gaishe shi, ba a ce mishi ya zauna. Likita na rubutu bai ɗaga kai ba. Tambaya ɗaya ko biyu, sai a miƙa mishi takardar magani, ya fita bai san sunan ciwonsa ba. Amma in ɗan uwan likita ne, ko wani babba ya aiko shi, sai a ga fara'a da kujera da dogon bayani. Ke nan ma'aikatan sun iya karɓar mutane. Zaɓe ne suke yi.

Wannan bincike cikin birane aka yi shi, kuma ya daɗe. Ko haka abin yake a garinku yau, ku ne za ku faɗa.

Sai dai a yi ma likitoci adalci. Daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da masassarar cizon sauro ke tashi, gidan likitan ƙauye cika yake yi tun da hantsi. Mutum ɗaya ko biyu ne za su duba yara, su yi allura, su cika rajista, da dare kuma a tashe su don haihuwa. Wani lokaci maganin ya ƙare, kuma wanda ke bayan tebur shi ake zagi, ba wanda ya jinkirta aiko da shi ba. Wanda ya kwana uku bai yi barcin kirki ba, fara'a na yi mishi wuya. Mun sani. Abin da muke cewa shi ne, magana mai kyau ba ƙarin aiki ba ce. Ita ke rage komowar majinyaci sau biyu sau uku da ciwo guda.

Gaisuwa, da amsar da ba amsa ba

A ƙasar Hausa ba a shiga zance sai an gaisa. Ko bashi ka zo biɗa, sai ka tambayi kwana da gajiya da iyali. To, mace ta taso daga ƙauye tun asuba, goye da yaro, ta yi tafiyar awa biyu a ƙasa ko bisa amalanke. Ta shigo, abin da ta fara ji shi ne: "Ke! Mi ya faru?" Daga nan bakinta ya rufe. Za ta faɗi kalma biyu, "jikinshi zafi", ta yi shiru. Sauran labarin, wato kwana nawa ke nan, ko ya yi amai, ko ya suma da dare, ko an ba shi wani abu a gida, duk za ta koma gida da shi.

"Sannu da zuwa, Inna. Zauna nan. Ina gajiya? Ya mai jiki?" Wannan bai kai rabin minti ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, haka magabata suka ce, kuma a gidan likita tana da wani amfani bayan ladabi: ita ke buɗe bakin wanda ke riƙe da labarin ciwon. Likita na da ma'aunin zafi da abin gwajin jini. Amma abin da ya faru cikin kwana ukun da suka wuce, uwa kaɗai ta san shi.

Ga tarko kuma cikin gaisuwar. In ka ce ma Bahaushe "ya jiki?", zai ce "da sauƙi", ko da a kwance aka kawo shi. Amsar gaisuwa ce, ba labarin ciwo ba. Sabon likita da bai lura ba sai ya ɗauka an samu sauƙi. Wanda ya daɗe cikin aiki yakan bari gaisuwa ta ƙare, sannan ya gyara zama ya ce: "To, yanzu ba ni labari. Yaushe abin ya fara?"

"To"

Babu kalmar da ta fi yaudarar ma'aikaci kamar "to". Likita ya yi bayani, mace ta ce "to". Ya ƙara, ta ce "to". Ya ce "kin gane?", ta ce "to, likita". Shi a zatonsa an gama. Ita kuwa abin da take nufi shi ne: na ji kana magana, kuma ba ni musu da babba. "To" na iya zama na yarda. Tana iya zama ban gane ba amma ina jin nauyin sake tambaya. Tana iya zama ba ni da kuɗin wannan magani. Tana iya zama sai na tambayi maigida tukuna, ko uwar miji, don ba ni ke yanke shawara ba.

Tambayar "kin gane?" ba ta da amfani, don ba wanda zai ce ma mai farar riga a'a. Dabarar da ta fi ita ce a sa mutum ya maimaita da bakinsa, amma ba kamar ana tuhumar ɗan lakkol ba. Likita ya ɗauki nauyin bisa kansa: "Inna, don in tabbata ban manta komi ba, in kin je gida yaya za ki ba shi?" In ta faɗa daidai, madalla. In ta karkace, an kama kuskuren tun cikin ɗaki.

Ga inda abin ke da nauyi. Tun shekarar 2013 aka fara raba ma yara maganin rigakafin masassara na damina a wasu gundumomin ƙasarmu, cikinsu har da Magarya da Madawa, daga baya aka faɗaɗa. Ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya kowane wata cikin damina, kuma kowane zagaye kwana 3 ne. Na ranar farko gaban ma'aikaci yaro ke shan shi. Na rana ta biyu da ta uku, uwa ake ba ta tafi da su gida. Wato kashi biyu cikin uku na kwanakin, ma'aikaci ba ya nan. Abin da ya rage tare da uwa shi ne ƙwayoyi biyu da maganar da aka gaya mata. In an gaya mata cikin sauri, a tsaye, ana kallon gidan gaba, za ta iya ajiye ƙwayoyin har ranar da yaron zai yi zafin jiki, don a saninta mai lafiya ba ya shan magani. Za ta iya raba ma wansa ɗaya, don tausayi. In ya yi amai sau ɗaya, ta daina, tunda ba a gaya mata haka na iya faruwa ba, ba a kuma ce mata ta koma wurin ma'aikaci ba. An sayi magani, an biya mota da masu rabawa, aikin ya tsaya ga jimla uku da ba a faɗa da kyau ba.

Haka zancen lokaci. "Sau biyu a yini" ba ya nufin komi ga wanda ba ya duban agogo. Wata za ta ba da ɗaya da hantsi, ɗaya da azahar, ta ce ta cika biyu. In aka ce "ɗaya bayan sallar asuba, ɗaya bayan magariba", babu ruɗani. Haka garin gishiri da sukari na zawo: ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Mene ne lita? Likita ya ajiye kwalbar lita bisa teburinsa, ko irin kofin da matan garin ke amfani da shi, ya nuna kofi nawa ke cika ta.

Kunya ba taurin kai ba ce

Ma'aikaci ya buɗe rajista ya ce: "Sunan mijinki?" Mace ta sadda kai. Ya ce: "Sunan yaron?" Ta yi shiru, tana wasa da bakin zane. Shi sai ransa ya ɓaci, ya ce ana ɓata mishi lokaci. Alhali a gidansu ya san mace ba ta kiran sunan miji, uwa kuma ba ta faɗar sunan ɗanta na fari. Abin da ya sani a gida, ya manta shi da ya sa farar riga. Ya juya ga wadda ta rako ta, ko ya karɓi karne ya karanta, an wuce wurin.

Ciki ma haka. Yarinya mai cikin fari ba za ta ce "ina da ciki" gaban namiji baƙo ba, balle uwar mijinta na zaune. Za ta ce mararta ke ciwo, ko ba ta jin daɗin jikinta. Ungozoma mai hankali takan fitar da ƴan rakiya da dabara, ta aiki wannan ɗebo ruwa, ta ce ma waccan ta jira bakin ƙofa. Ta ja labule, ta rage murya, ta yi tambaya da kalmomin da mata ke faɗi tsakaninsu: yaushe rabonki da fashin salla? In ba ta san kwanan wata ba, a lissafa da abin da ta sani: kafin azumi ne ko bayan salla, an fara shuka ko ana cikin girbi?

Akwai ciwon da ba a faɗa da ƙarfi. Duk likitan da ya taɓa ɗaga murya daga cikin ɗaki ya faɗi ciwon wani, mutanen da ke jira bisa benci suna ji, ya san sakamakon. Kafin la'asar labari ya kai rijiya. Wannan mutum ba ya komowa, kuma waɗanda ke da irin ciwonsa sun ji gargaɗi.

Abin da jiki ke faɗi

Labarin zuciya a tambayi fuska. Mutumin ƙauye bai san abin da aka rubuta cikin takarda ba, amma karatun fuska ba wanda ya fi shi. Tsaki guda, ko harara, ko toshe hanci sa'ad da aka kwance ƙyallen da aka ɗaure gyambo, ya isa. Miƙa magani da hannun hagu, ko jefa karne bisa tebur maimakon a ba mutum a hannu, ko kiran dattijo da ɗan yatsa, duk zagi ne ba da baki ba. Yanzu kuma ga salula: likita na latsa ta, uwa na faɗin ciwon ɗanta ga ƙeyar waya.

Wani kuskuren ba da gangan ake yin shi ba. Ma'aikaci na so ya ce a sha magani kwana 5, sai ya ware yatsu biyar ya miƙa tafin hannu wajen fuskar mace. Ya yi mata daƙuwa ke nan, gaban jama'a. Wanda ya tashi nan ba zai yi ba, amma baƙon da aka turo daga wata ƙasa, in ba a gaya mishi ba, zai yi. A ƙirga kwanakin ta hanyar lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya, ko a ja layi biyar bisa ledar maganin.

Ido ma yana da nasa. Wanda ya daɗe cikin lakkol ya saba a ce mishi ya dubi mai magana. A ƙauye kuwa yaro ko mace ba su zura ma babba ido, sadda kai shi ne ladabi. Kada likita ya ɗauki sadda kai a kan ƙarya ko rashin kula. Shi kuma ya rage tsawonsa. Mai tsaye bisa kan wanda ke tsugune, ko mi ya faɗa, umurni ne. In ya jawo kujera, ko ya durƙusa ya taɓa goshin yaron, ya kira shi da suna, uwa ta ga an ɗauki ɗanta mutum.

Hannu kuma ya fi baki iya koyarwa. A ƙasar Mirya, cikin 2013 da 2014, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun gwada koya ma uwaye a yankin Dogo su riƙa auna damtsen yaransu da kansu, da ɗan zaren awo mai launi uku, don gano tamowa da wuri. Ja na nufin damtse bai kai milimita 115 ba, a kai yaro likita ba jinkiri. Ruwan ɗorawa na nufin a yi hattara. Tsanwa lafiya. Da aka gwada aikinsu da na wakilan lafiya na yankin Takeita, an ga uwayen ba su gaza ba. Da yawansu ba su taɓa shiga aji ba. Ba a yi musu dogon jawabi ba: an nuna, an ba su zaren a hannu, kowace ta auna ana kallo, aka gyara mata. Gani ya kori ji.

Faransanci da lissafin dala

A makarantun aikin likita na Yamai da Damagaram da faransanci aka koyar da ma'aikatanmu, sunayen cututtuka ma da shi suka san su. Dokar ƙasa ta 2025 ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa, faransanci da ingilishi harsunan aiki. Amma tun kafin doka, ciwo da Hausa ake faɗin shi a Maraɗi da Tawa da Damagaram, ko da Fulatanci, ko Tamajak, ko Barbarci. Ma'aikacin da aka turo ƙasar da ba harshensa ba, abin da ya kamata ya fara koya shi ne gaisuwa, da sunayen gaɓoɓin jiki, da sunayen da mutanen wurin ke ba cututtuka. In an ce "shawara" ko "ɗankanoma" ko "iska", kada ya yi dariya. Ya tambaya: mi kika gani a jikinsa har kika ce haka? Amsar ita ce abin da yake nema.

Wani abu mai ciwo shi ne likita biyu su juya faransanci bisa kan majinyaci, suna dubansa, har su yi dariya. Wataƙila zancen ƙwallo suke. Shi dai ya tabbata da shi ake.

Kuɗi kuma a faɗe su da dala. Ma'aikaci ya ce "ɗari biyar" yana nufin sefa 500. Mutumin ƙauye ya ji dala ɗari biyar, wato jika biyu da rabi, ya ce "to", ya fita bai komo ba. Sefa 500 dala ɗari ce, haka za a ce. Abin da ke kyauta ma a faɗe shi a fili. A 2006 gwamnati ta yafe kuɗin duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki. Inda aka yi rigima bayan nan, sau da yawa magani ne ya yanke, aka rubuta ma uba takarda ya je ya saya, ba a gaya mishi dalili ba. Shi kuwa ya ji a rediyo an ce kyauta ne. Mi zai zata, in ba an ci kuɗinsa ba?

Tsakanin ma'aikata

Majinyaci kafin ya ga likita, mai gadi yake fara gani, da mai shara, da mai sayar da tikiti. Su ne fuskar gidan. Shugaban gidan likita da bai taɓa zama da su ya gaya musu yadda ake karɓar mutane ba, da irin yaron da za a shigar da shi gaban kowa, kamar mai suma ko mai numfashi da ƙyar, ya bar ƙofarsa ba tsari. Kuma yadda shugaba ke yi ma na ƙasa da shi magana, haka na ƙasan zai yi ma talaka. Wanda aka yi ma tsawa gaban mutane da safe, kafin azahar ya sauke ta bisa wata baiwar Allah. Gyara a ɗaki ake yin shi, ƙofa rufe. Yabo kuwa a yi shi gaban kowa, ba ya cin kuɗi.

Wurin da aiki ya fi zubewa shi ne canjin hannu, sa'ad da mai kwana zai tafi, mai yini ya karɓa. "Ba komi, lafiya lau", ya hau babur. Alhali akwai mai jego da jininta bai tsaya sosai ba, da yaron da allurarsa ta gaba ƙarfe 10 ce. Canjin hannu a bakin gado ake yin shi, mutum bayan mutum: wane ne, mi aka ba shi, ƙarfe nawa, mi ake tsoro. A faɗa da baki, a kuma rubuta. In za a tura majinyaci babban asibitin gunduma, a kira can tun mota ba ta tashi ba, a ba ƴan rakiya takarda, a gaya musu dalili da Hausa. In ba haka ba, da yawa na ɗaukar turawa a kan likita ya fid da rai, sai su nufi gida.

Ƙarami ma ya samu bakin magana. Tun cikin shekarun 1960 aka fara horar da ƴan agaji da ungozomomin ƙauye a jahar Maraɗi, mutanen da gari ya zaɓa da kansa, don su ne ke da kunnen jama'a. Yau wakilan lafiya na ƙauyuka ke wannan aiki. Su suka san gidan da miji ya hana awo, da unguwar da ake jita-jita bisa rigakafi. In sun zo taron wata aka bar su tsaye, aka karɓi takardunsu ba a tambaye su komi ba, wannan labari ba ya shiga ɗaki. Haka ƴar koyo da ta ga an ɗauko maganin da ba shi ba: in ta san tsawa za ta sha, shiru za ta yi.

Ku ma da naku

Ƴan uwa masu zuwa likita, rabin zancen na hannunku. In an ba yaro jiƙo, ko ƙwayar da aka saya wurin mai tebur a kasuwa, a faɗa, a zo da ledar ko kwalin. Likita na iya yin faɗa, amma in bai sani ba zai iya ƙara wani magani bisa wanda bai dace ba. A faɗi ainihin kwanakin ciwo, kada kwana 6 su koma "jiya" don tsoron a ce an yi sakaci. Wadda ta kwana da yaron ita za ta shiga ɗaki, ba kawun da ya zo da babur ba. In kuɗin maganin sun fi ƙarfinku, ku gaya ma likita tun kuna zaune, wani lokaci akwai mai sauƙin kuɗi da ke aiki iri ɗaya. Kafin ku tashi, ku tambayi sunan ciwon, da yadda za a sha maganin, da alamar da in kun gan ta za ku komo ko da tsakar dare ne.

Mai ƙorafi kuma akwai kwamitin lafiya na gari, wanda ke zama da shugaban gidan likita. A kai musu zancen da rana da abin da aka faɗa, su tayar da shi a zamansu na gaba.